Yarona na son mayar da kan jirginsa na wasa kore da rawaya irin na reluwe, ta ina za mu fara?

Ɗan Reluwe, Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina gaida jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga masu sanin harkar fenti, da kuma masu hannu a ƙananan kayan lantarki.

Ƙanina da ke zaune a Ingila ya zo gida da babbar sallah, ya kawo wa ɗana na biyu tsarabar jirgin ƙasa na wasa. Yaron shekararsa 9. Ba irin na batir ɗin nan ba ne da ake samu a babbar kasuwa. Wannan ƙirar kamfanin Hornby ce, na hannu ya saya, kuma mai shi na farko ya kula da shi. Akwai dogo guntu-guntu da ake harhaɗawa ya zagayo, akwai taransifoma da ɗan akwati mai abin murzawa na ƙara gudu ko ragewa. Ta cikin ƙarafan dogon wuta ke bi ta shiga ƙafafun jirgin. Taragu uku ne, sai kan jirgin, wanda a kansa maganata take. Kwaikwayon wani kan dizal ne na Ingila mai suna Class 37. Tsawonsa ya kusa santimita 25, ƙafafu goma sha biyu, gangar jiki shuɗiya, goshi da ƙeya rawaya.

Mu gidanmu gidan reluwe ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, a Zariya ya yi mafi yawan aikinsa, a kwatas ɗin ma'aikata aka yanke mini cibiya. Yaron bai riski kakansa ba, amma akwai hoto a falo: Baba tsaye a gindin kan jirgi kore mai ratsin rawaya, hannunsa ɗaya riƙe da ƙarfen hawa. Tun da aka kawo tsarabar nan yaron ke ɗaukar kan jirginsa ya je ya kara shi kusa da hoton. Wata rana ya ce mini shi so yake nasa ya koma irin na Kaka. Maganar ba ta tsaya a baki ba. Ya auna tsawon jirgin da rula, ya zana shi a bayan littafin lissafinsa, ya nuna inda ratsin zai bi, ya rubuta NRC a gefe, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. Kuɗin barka da sallarsa har yau suna cikin asusu, ya ce na fenti ne. Yanzu ga hutun ƙarshen shekara ya zo, kullum da safe sai ya tambaye ni ko yau ne.

To ga inda na tsaya. Na je Panteka wajen masu fentin mota, na ga fentin feshi na gwangwani, kore da rawaya duk akwai. Amma wanda na tambaya ya faɗa mini gaskiya, ya ce ba zai ba ni tabbacin fentin ba zai ci robar ba. Jikin jirgin roba ne marar kauri, kuma an fitar masa da ƙananan abubuwa, ƙofofi da ragar shan iska da kawunan ƙusoshi, waɗanda fenti mai kauri zai binne. Shin sai an kankare shuɗin tukuna, ko a kansa ake ɗorawa? In kankarewa ne, da me? Yaya ake raba gangar jikin da injin ba tare da an karya wani abu ba? Sannan tun da hunturu ya shigo jirgin ya fara tsayawa a wasu wurare, sai an ɗan tura shi da yatsa. Yaron kuma yana son fitila mai kamawa a goshi.

Sai tambayar da ta fi damuna. Abin nan in ya lalace, babu shagon da zan shiga a Kaduna in sayo wani. Ina da hannu daidai gwargwado, na san in na zauna da dare ni kaɗai zan fitar da aiki mai kyau. Amma shi ya zana, shi ya tara kuɗin, kuma kullum "zan yi" yake cewa, ban taɓa jin ya ce "yi mini" ba. Mahaifiyarsa na ganin a bar abu yadda ya zo, kada a ɓata tsarabar mutane. Ni zuciyata ta fi karkata ga a bar shi ya yi, sai dai ban san iyakar inda zan sakar masa ba. Wanda ya taɓa irin wannan aiki da yaro, don Allah ya faɗa mini yadda suka raba shi.

Mai Rediyo, Kano:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya raya mana yaro. Fenti ba fannina ba ne, amma maganar tsayawa da ta fitila zan sa baki.

Ka yi sa'a daga Ingila aka kawo shi. Wutarsu da tamu ɗaya ce, bolt 230, fulogin ma mai baki uku iri ɗaya. Da na Amurka ne mai 120, da ranar farko taransifomar za ta ƙone. Duk da haka ka bi da ita ta sitabilaiza, musamman in a janareta kuke. Abin da ke isa kan dogon kuwa kusan bolt 12 ne, ba ya jan mutum, yaro zai iya taɓawa.

Tsayawar nan datti ne, ba lalacewa ba. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo ɗan mitsitsi ne, ƙura kaɗan ta isa ta yanke wuta, ga shi muna cikin hazo. Ka sami tsumma marar gashi ka ɗiga masa sifirit na kemis, ka bi saman dogon da shi, za ka ga baƙin layi biyu a tsumman. Ƙafafun kuma ka goge su da audugar goge kunne. Kada ka kuskura ka sa samfefa a dogo, ƙarzar da take bari ita za ta riƙa tara datti. Ka duba ƙananan ƙarafan da ke haɗa guntu da guntu, in wani ya saki ka ɗan matse shi da filaya. Ka kuma kanga maganaɗisu a dogon: in ya kama, ƙarfen da ne, yana tsatsa, sai an kula da shi da damina, in bai kama ba, irin na yanzu ne, hankalinka kwance. A daina shimfiɗa shi a kafet ko tabarma, zare da gashi na naɗewa a sandar ƙafafun. Filawud ya fi.

Mai kuma, abin da tsinin allura ya ɗauko ya isa kowane wuri mai juyawa. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo. Ban da baƙin mai na mota.

Fitila abu ne mai sauƙi. Ƙwan LED fari mai milimita 3, da rezista (abin rage ƙarfin wuta) mai om 1,000 a jere da shi. In ka haɗa ba rezista, take zai mutu. Farin LED na cin kusan bolt 3, saura 9, ka raba da 1,000 ka sami miliamfa 9, haske ya isa kuma ƙwan zai daɗe. Abin da zai ba yaron sha'awa, LED ta hanya ɗaya kawai take barin wuta ta wuce, don haka fitilar za ta kama in jirgin na gaba, ta mutu in yana baya, kamar na gaske. Ka ƙara ɗan dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya, don ya kare ta in wutar ta juya. Ka shafa baƙin fenti ta cikin goshin, in ba haka ba hasken zai ratsa robar goshin duk ya yi haske. Liƙin dalma dai kai za ka yi, shi ya riƙe maka waya da filaya.

Bakatsine a Leeds:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni da 'yata mun shiga harkar nan, akwai ƙungiyar masu ƙananan jirage kusa da mu, yawancinsu dattawa ne, a wajensu na koyi abin da zan faɗa.

Cire gangar jikin tukuna. Ka kifa shi a kan tawul ka duba ƙasa, in akwai sukurori ka kwance. In babu, to ƙananan haƙora ne ke riƙe da shi ta gefe da gefe. Ka yanka tsohon katin ATM gida huɗu, ka ɗan buɗa gefen da farce ka cusa guntu a wurin kowane haƙori, sai ka ɗago a hankali. Ban da sukundireba, tana barin tabo. Gilasan tagogin roba ce mai haske, ta ciki ake turo su. Ka zuba su a robar da ke da murfi, ka ba yaron ajiya. Injin da ƙafafun ka kai su wani ɗaki daban, ko ƙurar fenti kada ta same su, don fenti a ƙafa yana yanke wuta.

Shawarata kada ka kankare shuɗin. Fentin masana'anta siriri ne ƙwarai, kuma ya kama robar da kyau, shi ne mafi kyawun shimfiɗa da za ka samu. Abin da zai iya nunawa ta ƙarƙashin sabon fenti shi ne lambobi da tambarin da aka buga a gefe. Ka jiƙa samfefa mai laushi, lamba 1,000 ko 1,200, ka goga su a hankali har yatsa ya daina jin tudunsu. Daga nan a wanke jikin da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ya bushe, kada a sake taɓa shi da hannu tsirara, maiƙon yatsa na hana fenti kamawa. In dai ka ga lallai sai ka kankare, mutane a nan na jiƙa shi a Dettol mai ruwan ƙasa ya kwana, su goge da buroshi, kuma ba sa sa ruwa sai fentin ya gama fita, don ruwa na mayar da shi danƙo. Tina da abin goge jan farce kuwa kada su kusanci jirgin nan. Robar za ta yamutse kamar ledar da ta ji wuta, kuma ba ta da gyara.

Mai fentin Panteka ya yi maka adalci. Wasu fentin gwangwani na cin roba, wasu ba sa ci, kuma ba a ganewa da ido. Ka sayi cokulan roba irin na biki, yawancinsu dangin robar jirgin ne, ka fesa musu ka bari su kwana. Wanda cokali ya ɗauka lafiya, ka sake gwada shi ta cikin gangar jikin, inda ba mai gani.

Ga tsarin da ya fi muhimmanci, kuma akasin yadda hankali ke ba mutum ne: rawaya ake fara fesawa, ba kore ba. Rawaya ba ta da ƙarfin rufe launi mai duhu, in ka ɗora ta kan kore sai ka yi ta maimaitawa har ta yi tudu. Don haka faraima, wato fentin shimfiɗa, fara tukuna, siririya. Sai rawaya a goshi da ƙeya da tsawon gefen da ratsin zai bi. A bar ta ta bushe sosai, kwana biyu ba su yi yawa ba. Sai a liƙa tef ɗin takarda daidai faɗin ratsin, a danne bakinsa da tsinken sakace. Kafin kore, ka sake ɗan fesa rawaya a bakin tef ɗin, duk abin da zai kutsa ƙarƙashi ya zama rawaya ne ya toshe hanyar. Sannan kore, shafi biyu ko uku marasa kauri. Tef ɗin a janye shi baya-baya, a kwance, kafin fentin ya gama ƙanƙamewa.

Rubutun NRC zai ɗan ba ku wuya. Jirginku ma'aunin OO ne, wato an rage na gaske sau 76, harafin da ke da santimita 30 a jikin jirgi na gaske zai koma milimita 4. Firintar gida kuma ba ta buga fari. Ko dai ka buga koren fili da haruffa a buɗe a kan farar takardar sitika, ko ka je wajen masu yanka sitikar mota su gwada maka.

Wani abu da zai yi wa yaron daɗi. Class 37 kamfanin English Electric ne ya ƙera su tsakanin 1960 da 1965, guda 309, da yawa daga ciki a masana'antar Vulcan Foundry da ke Newton-le-Willows. Kamfanin nan da masana'antar nan duk sun ƙera wa reluwen Najeriya kawunan jirgi. Ba baƙo ne ƙwarai za ku sa wa rigar gida ba. Masu tsananin bin ƙa'ida a ƙungiyarmu za su ce dogon bai dace ba, tunda tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, na Ingila kuwa 1,435, irin na Kaduna zuwa Abuja, wato Rigasa zuwa Idu, da aka buɗe a 2016.  Na faɗa ne don sani kawai. Yaro mai shekara 9 babu ruwansa da wannan.

Mai Fentin Mota, Zariya:

Abin da ɗan'uwanmu na Leeds ya faɗa daidai ne, amma shi ba ya cikin hunturu. A wannan iska fenti na bushewa kafin ya isa jikin abu in ka yi nisa da yawa, sai ya sauka gari-gari. Taƙi ɗaya da ɗan ƙari ya isa, kamar santimita 25. Da sassafe za ku yi, kafin iska ta tashi. Ku yayyafa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta. Gwangwanin a tsoma shi a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a girgiza shi minti biyu cur. A fara feshin a iska kafin a iso jirgin, a wuce shi kafin a saki. Da an gama a kifa kwali a kai. A nesa da murhu da risho, kuma kowa da takunkumi. In yaron na da asma, ko kusa kada ya tsaya.

Tsohon Direba, Kafanchan:

Jikata ce ke rubuta mini, ita ta karanto mini maganarka. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da kai da yaron. Wataƙila ma na san mahaifinka, don babu direban da bai kwana Zariya ba, can layin Kano da na Ƙaura Namoda suke rabuwa.

Ka faɗa wa jikan nawa jirgi ya iso Kano a 1911, daga Baro aka taso da aikin, ta bakin kogin Kwara. Hukumar da yake son rubuta sunanta a 1955 aka kafa ta, kuma a shekarar ne kawunan dizal na English Electric suka fara shigowa. Kafin nan masu kwal ne, kwal ɗin daga Inugu ake ɗauko shi, ga shan ruwa a tasha bayan tasha. Na riski ƙarshensu ina ƙaramin ma'aikaci. Akwai wani jinsi da aka raɗa wa kowannensu sunan kogi, an rubuta a allon ƙarfe a gefe. Mu ba lamba muke kira ba, suna muke kira. In yaron na so, ya raɗa wa nasa suna.

Abu ɗaya nake so ku sani game da launi. Koren nan da kuke gani a hoto, ba ya wata ɗaya a haka. Kan jirgin da ya taso daga Legas ya ratsa Jebba da Minna ya iso Kaduna, ƙasansa ja ne da ƙura, rufinsa baƙi ne da hayaƙi a kewayen salansa, wajen tankin mai kuma kullum a jiƙe. Rana ta cinye koren saman ya yi fari-fari. In kun yi shi yana ƙyalli, kun yi jirgin ranar biki. In na kakansa yake so, ku daka gawayi ya yi laushi, ku tankaɗe jar ƙasa, ya shafa da busasshen buroshi. Wannan aikin ma yaro ya fi babba iyawa, don datti ba ya bin layi.

Malamar Firamare, Bauci:

Malam, ni a kan tambayarka ta ƙarshe zan yi magana, don shekaruna na aiki da 'yan wannan shekaru ne.

Yayyenmu sun yi motar kara da ta gwangwanin madara, ba wanda ya riƙe musu hannu. Bambancin kawai, in ta lalace ga wani karan a bayan gida. Abin da ke ba ka tsoro rashin na biyu ne, don haka ka samar masa na biyu: cokulan da aka ambata, da tsohuwar motar roba, sannan tarago ɗaya daga cikin ukun. Ya yi duk matakan a kan taragon daga farko har ƙarshe. Duk ɓarnar da zai yi, a can zai yi ta, kuma da idonsa zai ga dalilin kowace doka, ba sai ka yi ta faɗa ba.

A kan jirgin kuwa, abin da ke yanka ko ƙona mutum naka ne: reza da ƙarfen dalma. Abin da ya shafi zaɓi nasa ne kacokan: wane kore, faɗin ratsi, inda rubutu zai zauna. Wanki da liƙa tef da buroshi duk nasa ne. Feshi ku yi tare, in yatsansa bai iya danna kan gwangwanin ba, naka ya danna, nasa hannun ya ja.

Roƙona ɗaya. In ya yi layi ya karkace, kada ka tashi da dare ka gyara a ɓoye. Suna ganewa. Na ga yara da yawa da suka daina kawo mini zane saboda wani babba a gida ya "gyara" musu. In ka ga aibi, tambaye shi ko ya gani. In ya ce a gyara, ku gyara tare da rana. In ya ce ya yi masa, ka bar shi. Ita kuma Hajiya ka ce mata ta kira ƙanin naka ta tambaye shi, ina kyautata zaton zai fi kowa murna.

Ɗan Reluwe, Kaduna:

Jama'a, Allah ya saka muku da alheri. Na ga ya kamata in dawo in ba da rahoto.

Malam Mai Rediyo, maganarka ta tabbata. Yaron da kansa ya goge dogon, tsumman ya yi baƙi ƙirin, jirgin ya daina tsayawa. Maganaɗisu bai kama ba. Kafinta ya yanko mana filawud, mun ɗora a kan tsohon tebur.

Hajiya Malama, mun bi shawararki ta tarago, kuma ita ta cece mu. A cikin kore iri biyu da muka sayo, ɗaya ya sa bayan cokali ya yi ƙuraje, muka ajiye shi gefe. A kan taragon yaron ya tsaya wuri ɗaya da feshi, fentin ya taru ya zubo. Ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce hannunsa ne bai tafi ba. Da ya bushe ya goge da samfefa ya sake. Mahaifiyarsa ta kira ƙanina kamar yadda kika ce, shi kuwa har cewa ya yi a turo masa hoto kowane mataki. Yanzu ita ke tuna mana a kifa kwali.

Gangar jikin haƙora ne ke riƙe da ita, katin ATM ya yi aiki. Ba mu kankare shuɗin ba. Faraima, rawaya, tef, kore, kamar yadda aka tsara mana, da asuba bayan mun dawo masallaci, tsakar gida a jiƙe. Yatsansa na gajiya da kan gwangwanin, don haka ni na danna shi ya ja. Tef ɗin shi ya liƙa duka, ni reza kawai na riƙe na yanka inda ya nuna. Koren da ya zaɓa ya ɗan fi na hoton duhu. Na nuna masa, ya ce ai Baba na Kafanchan ya ce rana ke cinye shi, nasa kuma bai sha rana ba tukuna.

Ratsin gefen dama ya fita sak. Na hagu ya ɗan hau sama a daidai ƙofar direba, kamar milimita ɗaya, inda tef ɗin ya haye ƙarfen hawa. Idona na zuwa wurin duk lokacin da jirgin ya zagayo, amma na tambaye shi kamar yadda aka ce. Ya ce ya gani tun ranar. Ya ce zai gyara da ɗan buroshi in hannunsa ya ƙara ƙwarewa, yanzu yana tsoron ya ƙara ɓatawa. Na ce to. Gilasan da farin gam na kafintoci muka mayar, don wani ya ja mini kunne cewa sufa gulu na sa su yin hazo.

Baba na Kafanchan, a gaida jikar taka. Na karanta masa saƙonka sau da yawa bisa roƙonsa. Ya daka gawayi a turmin yaji, ya shafa a rufi, jar ƙasa kuma daga bakin ƙofar gidanmu ya ɗebo. Da ya gama na ɗauki jirgin na juya shi a hannuna, ƙasan nan ja da rufin nan baƙi su ne abin da na tashi ina gani a Zariya, kuma ni da na yi shi ni kaɗai da ban tuna da su ba. Ya raɗa masa suna Kogin Kaduna. Mai yanka sitika ya ce milimita 4 ta yi masa ƙanƙanta, don haka za mu gwada hanyar farar takarda.

Saura fitila. Na sayo ƙwan LED da dayod, amma mai shagon ya zubo mini rezista iri-iri a leda, ban san wacce ce mai 1,000 ba. Malam Mai Rediyo, yaya ake gane ta? Kuma a ina zan ɗauki wutar, a jikin moton da ke juya ƙafafun ko a wayoyin da suka taso daga ƙafafu?

Mai Rediyo, Kano:

Madalla, Allah ya ƙara basira. Ka duba zoben launi a jikinta: ruwan ƙasa, baƙi, ja, sai na huɗu ruwan zinari. Ka ba yaron ledar ya nemo ta da kansa, idonsa ya fi namu. Wutar ka ɗauka a kunnuwa biyun moton, inda wayoyin ƙafafu suka sauka. Kafin ka liƙa dalma ka taɓa wayoyin kawai ka murza wuta kaɗan. In fitilar ta kama lokacin da jirgin ke baya, ka sauya wayoyin biyu. Ƙarfen dalma kada ya daɗe a wurin, akwai roba kusa.